Sanar Da Ma'aikata Sa'ad Da Ake Gyaran Asibiti

Asibiti ya bambanta da sauran gine-ginen Gwamnati ta wani fanni guda. Idan makaranta za a gyara, akan jira har yara su tafi hutu. Idan kuwa ofis ne, akan kwashe fayil-fayil a kai wani gini, a rufe ƙofa har magina su gama. Amma asibiti ba ya zuwa hutu. Ana fasa bango a wannan sashe, a wancan sashe mace tana naƙuda. Ana sauya wayar lantarki a bene, a ƙasa likita yana cikin tiyata. Saboda haka duk gyaran asibiti ayyuka biyu ne ake gudanarwa a lokaci ɗaya, watau aikin magina da aikin lura da marasa lafiya. Abin da ke hana ayyukan nan biyu yin karo shi ne kowane ma'aikaci ya san abin da za a yi tun kafin a yi shi, daga babban likita har zuwa mai gadin ƙofa.

Yadda Aka Saba A Nijeriya

Gyaran asibiti da ƙaurarsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya fara aiki a tsohon asibitin Adeoyo a shekarar 1948, bai shiga nasa ginin mai gado 500 ba sai a 1957. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shekaru masu yawa yana aiki a wurare uku, Zariya da Kaduna da Malumfashi, kafin ya tare a Shika a 2005. Na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu ya bar cikin gari a 2007 ya koma Ituku-Ozalla, kimanin kilomita 20 daga birnin. Har ila yau, a 2002 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin VAMED na ƙasar Ostiriya domin sabunta kayan aikin asibitocin koyarwa 8, daga bisani aka ƙara wasu 6. Sabuwar na'ura kuwa ba ta shiga tsohon ɗaki haka kawai. Sai an gyara ɗakin, an ƙarfafa wutarsa, an kuma koya wa masu aiki da ita.

A takardar tsari, irin wannan canji layi ɗaya ne. A wurin ma'aikaci kuwa rayuwa ce gaba ɗaya. Tsakanin Kaduna da Zariya akwai tafiyar kimanin kilomita 80. Nas ɗin da wurin aikinta ya tashi daga wancan gari zuwa wannan, tana da gidan haya, da 'ya'ya a makaranta, da miji mai nasa aikin. Ko da ƙaurar ba ta wuce daga wani gini zuwa wani a cikin harabar asibiti ɗaya ba, akwai wanda tafiyarsa zuwa ɗakin magani za ta ninka, akwai wanda zai koma ƙarƙashin sabon shugaba.

Abin Da Ma'aikaci Yake Son Ji

Shugabanni sukan buɗe bayani da kyawun sabon gini, da yawan gadaje, da kuɗin da aka ware. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa. Amma ma'aikacin da ke zaune a bayan zaure wasu tambayoyi ne dabam a ransa. A ina zai yi aiki ranar Litinin? Wa zai zama shugabansa? Lokacin aikinsa zai canza? Akwai motar da za ta kai shi? Tambayar da ta fi kowace nauyi kuwa, wadda sau da yawa ba ya iya furtawa a bainar jama'a, ita ce ko gyaran nan zai ci aikinsa. Matuƙar ba a amsa waɗannan ba, sauran jawabin yana shiga ta kunnen dama ne ya fita ta hagu.

Wasu shugabanni sukan yi shiru domin, a cewarsu, ba a gama yanke shawara ba tukuna. Wannan kuskure ne babba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ma'aikata suna da idanu: sun ga injiniyoyi suna awo, sun ga an sauke bulo a bayan ɗakin haihuwa. Idan hukuma ba ta yi magana ba, jita-jita za ta yi, kuma jita-jita ba ta taɓa kawo labari mai daɗi. Kafin mako ya zagayo za a ji an ce za a rufe sashen kaza, za a sallami mutum kaza. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba magana gida biyu a gaban ma'aikata. A ce musu ga abin da aka zartar, ba zai canza ba. Ga kuma abin da ake kan dubawa, za a ba da amsarsa ranar kaza. Idan ranar ta zo babu amsa, a fito a faɗi haka, a sa wata rana. Mutum yana iya haƙuri da jira in ya san abin da yake jira.

Haka nan batun jinkiri. Kowa ya san aikin kwangila yakan wuce ranar da aka ɗiba, ko don kuɗi ba su fito a kan kari ba, ko don damina, ko don kaya sun makale a tashar jiragen ruwa. Shugaban da ya yi alkawarin wata uku, sa'an nan wata shida ya wuce bai ce uffan ba, ya zubar da amincin maganarsa, kuma ran da zai ba da sanarwar da rai ya rataya a kanta ba lalle a saurare shi ba.

Bakin Da Ya Kamata Labari Ya Fito

Bisa Doka ta 10 ta shekarar 1985, wadda ta sake tsara hukumomin asibitocin koyarwa na Tarayya, Babban Darakta ne ke riƙe da ragamar asibiti, Shugaban Kwamitin Ba Da Shawara Kan Aikin Likita da Daraktan Mulki suna taimaka masa. Daga wurinsu sanarwar farko ta kamata ta fito, domin kowa ya san maganar hukuma ce. Amma takardar da aka sa wa hannu a ofishin Darakta aka manna a allon sanarwa ba ta gama aikin ba. Ma'aikaci ya fi gaskata shugabansa na kusa, wanda yake gani kullum kuma yake iya yi wa tambaya. Don haka shugabar nas-nas ta kowane ɗaki, da shugaban ɗakin gwaje-gwaje, da na masu wanki, da na madafa, su ne za a fara zaunarwa a yi musu cikakken bayani, a ba su amsoshin tambayoyin da lalle za a yi musu. Babu abin da ke karya gwiwar ma'aikata kamar su tambayi shugabarsu ta ce ita ma yanzu take ji.

Akwai mutane iri biyu da sanarwa ta saba tsallakewa. Na farko su ne masu aikin dare. Asibiti yana aiki ne da karɓa-karɓa, safe da yamma da dare, amma taron bayani kusan kullum da ƙarfe 10 na safe ake kiransa, lokacin da wadda ta kwana a kan aiki take barci a gida. Ita ce kuwa za ta tarar da ƙofar da ta saba bi a toshe da ƙarfe 2 na dare, ga maras lafiya a kan gadon turawa, ba wanda za ta tambaya. Maganin wannan shi ne a maimaita bayani a lokacin miƙa aiki, sau uku a rana, a kuma rubuta shi a littafin ɗaki. Na biyu su ne masu shara da masu gadi da masu tura gado. A asibitoci da dama waɗannan ma'aikatan kamfanonin kwangila ne, sunayensu ba sa cikin jerin waɗanda ake aika wa takarda ko saƙon waya. Alhali kuwa wanda ya zo da ɗan'uwansa rai a hannun Allah, mai gadi ne mutum na farko da zai tambaya ina ne sashen gaggawa. Idan an mai da sashen wani gini jiya, mai gadi bai sani ba, mintunan da za a ɓata ana zagaye suna iya zama ajalin mutum.

Batun harshe ma abin dubawa ne. Takardun hukuma da Turanci ake rubuta su, kuma Turancin ofis ne mai nauyi. Ba abin kunya ba ne a tara ƙananan ma'aikata a yi musu bayani da Hausa, ko Yarbanci, ko Ibo, ko Barbarci, ko Turancin kasuwa, gwargwadon inda asibitin yake. Bayan an gama kada a ce, “Kun gane?” domin kowa zai ce ya gane. A sa mutum ɗaya ko biyu su maimaita abin da za su yi da bakinsu.

Inda Rai Yake Cikin Haɗari

Wasu sanarwoyin ba na jin daɗin ma'aikata ba ne kawai. Ƙurar da ke tashi idan aka fasa tsohon bango ko silin tana ɗauke da ƙwayoyin wata irin funfuna da likitoci ke kira Asfajilus. Mai lafiya yakan shaƙe su ba abin da zai same shi. Amma ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai shan maganin ciwon daji, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko jariri bakwaini, suna iya kama huhu har su yi kisa. Shi ya sa ake killace wurin aiki da katako da leda, ake rufe tagogin ɗakunan da ke kusa, ake goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, ake kuma ware wa leburori hanyarsu dabam. Mai sharar da aka ce masa kawai ya daina amfani da tsintsiya zai koma mata da zarar shugaba ya juya baya, domin ta fi sauri. Wanda aka gaya wa dalili kuwa, shi da kansa zai tsawata wa leburan da ya bar ƙofar shinge a buɗe. Tsofaffin gine-gine da yawa kuma an yi musu rufi ko silin da asbesto, wanda ƙurarsa ke lalata huhu bayan shekaru. Wannan ma sai an gaya wa kowa ranar da za a cire shi domin a nisanci wurin.

Haka kuma yanke wuta, ko ruwa, ko bututun iskar oksijin. Ba ya halatta ɗan kwangila ya rufe ko ɗaya daga cikinsu bisa ra'ayin kansa. Sai an rubuta rana da awa, shugabar kowane ɗakin da abin zai shafa ta sa hannu cewa ta sani, an tanadi tukwanen iska da janareta da ruwa a randa, an kuma faɗi sunan mutum ɗaya da lambar wayarsa wanda za a kira idan wani abu ya faru. Idan shinge ya toshe ƙofar da aka tanada domin gudun gobara, sai a nuna wa ma'aikata wadda ta maye gurbinta a ranar, ba washegari ba.

Magana Daga Ƙasa Zuwa Sama

Sanarwa ba ta cika ba idan shugabanni ne kaɗai ke magana. Mai zanen gini ya san ƙa'idar gini, amma mai tura gado ne ya san kwanar da gado ba ya iya juyawa, ungozoma ce ta san inda ya kamata famfon wanke hannu ya zauna, mai ba da magani ne ya san inda layi ke cunkushewa ranar Litinin. Gyara zane a takarda aikin fensir ne. Gyara shi bayan siminti ya bushe kuwa sai an sake fitar da kuɗin jama'a. Saboda haka a nuna wa ma'aikata zanen tun da wuri, sa'an nan kafin a tare a kai su rukuni-rukuni su zagaya sabon wurin, domin gani ya kori ji. Wasu asibitoci har gwaji suke yi: a ɗora lafiyayyen mutum a gado, a tura shi daga ƙofar gaggawa zuwa ɗakin tiyata ta sabuwar hanya, a duba agogo.

Ƙungiyoyin ma'aikata, wato ta likitoci, da ta likitoci masu neman ƙwarewa, da ta nas-nas da ungozomomi, da ta sauran ma'aikatan lafiya, su ma a kira su tun farkon shiri. Shugaban ƙungiyar da aka yi shawara da shi yakan taya hukuma bayani. Wanda ya tsinci labarin a bakin mambobinsa kuwa, da ƙorafi zai iso ofis. Ba kowace shawara ce za a iya karɓa ba, amma wadda aka ƙi a faɗi dalilin ƙinta, in ba haka ba gobe ba wanda zai sake buɗe baki.

Abin Da Ake Roƙon Jama'a

Masu zuwa ganin likita da masu zaman jinya da 'yan dubiya su sani cewa a lokacin gyara ma'aikata suna aiki ne cikin ƙunci, gadaje sun ragu, hanyoyi sun canza. Ana roƙonsu su bi alamun da aka kafa, kada su ɗaga shinge domin yanke hanya, su kuma rage yawan masu rakiya. Wanda aka ba ranar dawowa ya tambaya tun kafin ya tafi ko a wannan ɗakin za a gan shi. Wanda kuwa ya ga an yi ta juya shi daga ƙofa zuwa ƙofa ba wanda ya san inda aka mai da sashen da yake nema, yana da ikon kai kuka teburin SERVICOM, shirin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2004 domin sauraron koke-koken jama'a game da aikin hukuma. Ya faɗi rana da lokaci da sashen da ya nema, domin da wannan ne hukumar asibiti za ta gane wurin da sanarwarta ta tsaya ba ta ƙarasa ba.