Lauyan Talabijin Daban, Lauyan Kotu Daban

Kusan shekara 70 ke nan gidajen talabijin na ƙasar Amurka suna nuna wasannin kwaikwayo a kan lauyoyi, kuma har yau jama'a ba su gaji da kallonsu ba. Mutane da yawa waɗanda ba su taɓa taka ƙofar kotu ba, a cikin waɗannan wasanni suka sami ɗan abin da suka sani game da shari'a. Saboda haka ya kamata a san inda suke faɗin gaskiya da inda suke ƙara gishiri.

Wasan da ya fara yin suna sosai shi ne Perry Mason, wanda gidan talabijin na CBS ya nuna daga 1957 zuwa 1966, Raymond Burr ne kuwa ya fito a matsayin lauyan. An ɗauko shi daga littattafan Erle Stanley Gardner, wanda shi kansa lauya ne a Jihar Kalifoniya. Kusan kullum labarin ɗaya ne: a tuhumi wani da kisan kai alhali bai ji ba bai gani ba, Mason ya yi ta yi wa shaidu tambayoyi har ainihin mai laifin ya tona asirin kansa. Mai Shari'a Sonia Sotomayor ta Kotun Ƙolin Amurka ta shaida wa Majalisar Dattawan ƙasar a 2009 cewa wannan wasa yana cikin abubuwan da suka sa mata sha'awar aikin shari'a tun tana yarinya.

A cikin 1986 ne al'amarin ya sake salo, sa'ad da gidan NBC ya fara nuna L.A. Law. Steven Bochco da Terry Louise Fisher, wadda ta taɓa zama lauyar gwamnati, su ne suka ƙago shi. Maimakon jarumi guda a gaban alƙali, sai suka shigar da mai kallo cikin kamfanin lauyoyi na birnin Los Anjeles, ya ga manya masu hannun jari suna gardama a kan kuɗi, ƙananan lauyoyi suna kwana a ofis don neman ƙarin girma, ga kishi, ga soyayya, ga mutuwar aure. Sau 4 wasan yana cin lambar Emmy ta wasan da ya fi kowane kyau kafin a daina shi a 1994. David E. Kelley, wani lauya daga Boston da ya yi rubutu a cikinsa, shi ne daga baya ya fito da The Practice da Ally McBeal a 1997, da Boston Legal a 2004.

A nan waɗannan wasanni suka kusanci gaskiya, domin manyan kamfanonin lauyoyi a Amurka kasuwanci ne, kuma lokaci suke sayarwa. Ana lissafa wa mai ƙara kuɗi bisa sa'o'in da aka yi masa aiki, har wasu sukan raba sa'a kashi 10, watau minti 6 kowane kashi.

Amma fa akwai inda suke kauce wa hanya. A talabijin, shari'a takan fara ta ƙare cikin sa'a guda, a kotu kuwa sai ta ci shekaru. Mafi yawan aikin lauya karatun takardu ne da rubuta yarjejeniya da neman sulhu, abubuwan da ba su da daɗin kallo. A kotunan tarayya na Amurka a 2018, kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tuhuma da laifi sun amsa laifinsu ne, kashi 2 kacal aka yi wa cikakkiyar shari'a. Bugu da ƙari, jawabin nan mai sosa zuciya da lauya yakan yi, mutum 12 na gari da ake kira juri yake yi wa, kotunan Nijeriya kuwa ba sa aiki da juri. Alƙali ne ke auna shaida ya yanke hukunci.

Wasan Suits, wanda aka nuna daga 2011 zuwa 2019, ya ja hankalin jama'a sosai. Kamfanin Nielsen ya ce a 2023 Amurkawa sun shafe fiye da minti miliyan dubu 57 suna kallonsa ta intanet. Labarin wani saurayi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, Mike Ross, da yake aikin lauya a Niyok ba tare da takardar shaida ba. Ko a cikin wasan ma sai da ya sha ɗauri. A Nijeriya laifi ne mutum ya kira kansa lauya sai ya gama digiri, ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi wadda aka kafa a 1962, aka kuma rubuta sunansa a Kotun Ƙoli.

Nijeriya ma ta shiga sahu a 2018 da wasan Castle & Castle na kamfanin EbonyLife, inda Richard Mofe-Damijo da Dakore Egbuson-Akande suka fito a matsayin miji da mata masu kamfanin lauyoyi a Legas, aikin ofis yana neman raba musu aure.

Waɗannan wasanni suna da amfani, domin suna koya wa talaka cewa wanda ake tuhuma yana da haƙƙin a saurare shi, a kuma kare shi. Sai dai wanda ƙaddarar shari'a ta faɗa wa, kada ya tafi wurin lauya yana jiran abin mamaki. Ya tabbatar lauyan na gaske ne, ya adana takardunsa, ya nemi shaidunsa, ya kuma shirya yin haƙuri.