IKWATORIYAL GINI: MAƘWABCIYARMU MAI MAGANA DA HARSHEN SIFEN

 Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, a wannan fitowa za mu leƙa wata 'yar ƙasa da ke kusa da mu amma ba kasafai ake ambatonta ba, wato Ikwatoriyal Gini. Kada a rikita ta da Gini ta Konakiri ko Gini Bisau, kowacce daban take.

Sunanta ya samo asali ne daga layin da masana suka zana a taswira ya raba duniya biyu, wanda a Larabci muke ce wa khaɗɗul istiwa'i. Faɗinta murabba'in kilomita 28,051 ne, ba ta fi Jihar Kano da wani abu mai yawa ba. Kashi biyu ce. Babban kason yana tsakanin Kamaru da Gabon, can ne birnin Bata yake. Ɗaya kason kuwa tsibirai ne a cikin teku, babbansu Biyoko, wanda a da ake kira Farnando Fo. Tsawonsa kilomita 70 ne, kuma nan ne birnin Malabo, kudu da Kalaba. Gwamnati kuma ta gina sabon birni a tsakiyar kurmi, Ciudad de la Paz, don ya zama hedikwata.

Turawan Fotugal ne suka fara isa tsibirin wajen 1472, suka miƙa wa Sifen a 1778, ƙasar ta sami 'yanci ranar 12 ga Oktoba, 1968. Shi ya sa a can da Sifananci ake karatu da aikin ofis. To a nan ɗalibin Islamiyya yana da riba. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492, suka bar kalmomin Larabci birjik a bakin mutanen Sifen. Suna ce wa mai aceite, daga az-zait. Matashin kai almohada, daga al-mikhadda. Sukari kuwa azucar, kun ji mu da su duk wuri ɗaya muka aro. Wanda ya riƙe Larabcinsa da kyau, ba zai zama baƙo gaba ɗaya a harshen nan ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan sama. Mu nan ƙasar Rano da Kibiya, abin da muke samu a damina guda wajen milimita 1,000 ne, in shekara ta yi kyau. A ƙauyen Ureka da ke kudancin Biyoko kuwa ya haura 10,000, wato ruwanmu na shekara goma a shekara ɗaya! Dalili shi ne iska tana tasowa daga teku ɗauke da laima, sai ta ci karo da manyan duwatsu, ta hau sama, ta yi sanyi, ta sauke kayanta nan take. Ita dai wannan iskar ce take kawo mana damina, sai dai kafin ta iso Yalwa ta yi tafiya mai nisa, ta zubar da mafi yawa a hanya. Babban dutsensu, Basile, tsayinsa mita 3,011 daga teku, kuma asalinsa dutse ne mai aman wuta. Duwatsun Rano da muke alfahari da su, a gabansa jikoki ne.

Masu yawon buɗe ido kan je Moka su ga tafkin Biyawo da ya taru a bakin tsohon dutse, su je Ureka daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da manyan kunkuran teku ke fitowa da dare su binne ƙwai a yashi. A gandun dajin Monte Alen akwai giwaye da goggon biri, da wani kwaɗo wanda nauyinsa kan kai kilo 3. Tsarki ya tabbata ga wanda ya halitta shi.

Alaƙarmu da su ba ta yau ba ce. A 1942 Ingila da Sifen suka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar leburori daga Nijeriya zuwa gonakin koko na tsibirin, galibinsu daga gabashin ƙasar nan, suna kiran wurin Fanya. Aikin bai zo da daɗi ba. A zamanin shugaba Masiyas Ngema duka da hana albashi suka yi yawa, har gwamnatin marigayi Janar Murtala Muhammad ta tura jiragen ruwa da na sama daga ƙarshen 1975 zuwa farkon 1976, aka kwaso dubban 'yan Nijeriya. Da yawa sun dawo hannu rabbana. Daga 1996 man fetur ya sauya ƙasar, aka yi tituna da dogayen gidaje, amma talaka bai gani a ƙwaryarsa ba sosai. Samarinmu masu jin labarin kuɗin Malabo su san cewa can ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, ba a shiga sai da fasfo da takardun izini, kuma ana yawan kame baƙi marasa takarda.

Musulmi 'yan kaɗan ne a ƙasar, mafi yawan jama'a Kirista ne. Amma fatake Hausawa sun daɗe da zama a Malabo da Bata, kuma a 2015 aka buɗe babban masallaci a Malabo. Wanda Allah ya kai shi can ya kula da abin da zai ci, domin a kasuwa ana sayar da naman biri da na alade, gara ya nemi mahauci Musulmi ko ya tsaya ga kifi. Dare da rana kuwa kusan daidai suke duk shekara saboda kusancin layin nan, don haka tsawon wunin azumi bai cika canjawa ba. Sai dai ganin wata yana wuya, hadari ba ya barin sararin sama.