Daga Salaga zuwa Bawku da Mango: yadda muke shirin bin sawun fataken goro

Wata ranar Laraba ina cikin koyarwa a ƙaramar sakandaren da nake aiki a nan Salaga, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai da gaske mu 'yan zango baƙi ne a Ghana? Wani ya ce in an tashi korar baƙi da mu za a fara." Ajin ya yi tsit. Na san inda maganar ta samo asali, domin har yau tsofaffinmu ba su manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta 1969 ba. Na ba ta amsar da ke cikin littafi, amma ni kaina ban gamsu ba. A Salaga aka haife ni, kullum ina ba yara labarin hanyar Gwanja, alhali ban taɓa bin ta da ƙafata ba.

Daga nan ne ni da abokan aikina uku muka fara adashi, kowa yana zuba sidi 300 duk wata. Niyyarmu ita ce tafiyar kwana 8 a mota ɗaya, mu tashi daga Salaga, mu bi ta Yendi da Bawku, mu leƙa Burkina Faso, mu ratsa arewacin Togo, mu dawo gida ta Chereponi. Mun zaɓi hutun Disamba saboda dogon hutu yana faɗowa cikin damina, lokacin da hanyoyin ƙasa kan zama taɓo. Gara ƙurar hunturu da turin mota.

Ranar farko a gida za mu yi ta

Abokaina sun yi dariya da na rubuta Salaga a matsayin zangon farko. Amma mu nawa ne muka taɓa zama muka kalli garin da idon baƙo? A ƙarni na 19 nan ce babbar kasuwar da goron Asante ke haɗuwa da ayarin Hausawa. Fatake kan taso daga Kano da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su yi watanni a hanya ƙarƙashin madugu. Inda ayari ya sauke kaya shi ne zango, kuma sunan da unguwanninmu suka gada ke nan.

Ba goro kaɗai aka sayar a nan ba. Za mu tsaya a tsohuwar kasuwar bayi, mu je rijiyoyi da wurin da har yau ake kira Wankan Bayi. Sunan ma da Hausa yake, don haka ba mu da bakin cewa babu hannun kakanninmu. Yaƙin basasar 1892 ne ya watsa garin, malamai da attajirai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi da Accra. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zama limamin Kete-Krachi har ya rasu a 1934. Duk wannan ya faru tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Ghana a 1957.

Yendi da Dutsen Gambaga

Rana ta biyu za mu bi ta Bimbilla mu hau babbar hanyar gabas zuwa Yendi. Kafin mu shiga gari za mu tsaya a Adibo, inda Dagomba suka gwabza da sojojin Jamus a Disambar 1896. A cikin Yendi akwai kabarin Babatu, jarumin Zabarmawa da ya addabi ƙasar Gurunsi da hare-haren kamun bayi, da maƙabartar Jamusawa, da fadar Gbewaa ta Ya-Na. Ba a shiga fada hannu rabbana, don haka goron gaisuwa yana cikin lissafinmu. Yendi tana da wani darasi a gare mu: bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani na biyu a 2002, sai a Janairun 2019 aka naɗa Ya-Na Abukari na biyu, bayan doguwar shiga tsakani da Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu ya jagoranta.

Daga nan sai Gushegu, mu ratse zuwa Nalerigu mu ga ragowar ganuwar Naa Jeringa, mu kwana biyu a Nakpanduri, a saman Dutsen Gambaga. Nan ne za mu ajiye mota mu yi tafiyar ƙafa. Tsarin shi ne mu fita bayan sallar asuba, mu bi gefen dutsen, mu dawo kafin rana ta take. Kowa da takalmi mai rufi da ruwa lita biyu, kuma ba za mu shiga daji ba sai da ɗan gari a gaba, domin lokacin ƙone-ƙonen daji ne, kuma akwai wuraren tsafin mutanen yankin da bai kamata baƙo ya taka ba. Hanyar da ke gangarowa daga dutsen zuwa Garu tana da kwana-kwana, shi ya sa kuɗin duba birki ne farkon abin da muka cire daga adashi.

Maganar Bawku

A nan ne gardama ta tashi. Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta ajiye carbinta ta ce, "Kai malam, tarihi zai tsare maka harsashi?" Na ce, "Mma, ai ba dare za mu yi ba." Ta ce, "Waɗanda aka tare a hanya ma da rana suka fita."

Wallahi tana da gaskiya. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sake ɓarkewa tun ƙarshen 2021, an yi ta sa dokar hana fita, an hana hawa babur, an kuma sha kai wa motoci hari a hanya. Amma raina yana can. A kwalejin horon malamai ta Gbewaa da ke Pusiga na yi karatu, a kasuwar Bawku nake sayen albasa da gero, kuma ina da abokai a kowane ɓangare. Ina so abokaina su ga wurin da ake cewa ƙasa ta haɗiye Naa Gbewaa a Pusiga, kakan da sarakunan Mamprusi da Dagomba da Nanumba suke jingina asalinsu gare shi. Ina so mu tsaya a Kulungugu, inda aka jefa wa Kwame Nkrumah gurneti ranar 1 ga Agustan 1962, yana dawowa daga ganawa da Maurice Yaméogo a Tenkodogo.

Abin da muka tsayar shi ne mu yi irin ta madugai, waɗanda ba sa tayar da ayari sai jagaba ya kawo labarin hanya. Da safen ranar za mu kira mutum uku a Bawku waɗanda ba gida ɗaya suke ba, mu kuma tambayi direbobin tasha da 'yan sandan shinge. In ko ɗaya ya ce a dakata, mun fasa, mu tsallaka Togo ta Bunkpurugu. In mun shiga, ba kwana, ba hirar sarauta, ba ɗaukar hoton sojoji.

Iyakoki da takardu

Tenkodogo kam mun soke ta saboda hare-haren 'yan bindiga a Burkina Faso. Rabonmu da ƙasar shi ne kasuwar Cinkassé, garin da ya rabu tsakanin Togo da Burkina, shi ma da rana tsaka. Ƙasar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka ba za mu dogara da katin Ghana kaɗai ba, kowa zai riƙe fasfo da katin allurar shawara. Mota kuma sai da inshorar ECOWAS ta ƙetare iyaka, sannan mu canza sefa tun a bakin iyaka. Arewacin Togo ma yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022, shingaye da yawa, sai haƙuri.

Daga Dapaong za mu hau zuwa kogunan dutse na Nok, inda mutane suka gina rumbuna a jikin dutse suna ɓuya daga mahara. Wato mun fara da inda ake sayar da bayi, za mu kuma ga inda ake gudun kamu. Sai Mango a bakin kogin Oti, wadda tsofaffin taswirori ke kira Sansanne-Mango, wato sansani, ɗaya daga manyan zangunan fataken goro kafin su iso Yendi.

Me za a sha?

Ɗaya daga cikinmu Kirista ne, Bakonkomba, kuma motarsa ce. Ya ce shi ba zai ratsa ƙasar dawa bai ɗanɗani pito ba. Muka ce masa, "Ticha, wannan tsakaninka da ƙwaryarka, amma ranar da ka sha, makulli yana hannunmu." Ya yarda. Mu namu jerin daban ne: koko da ƙosai da safe, fura da nono in rana ta yi, sobolo mai citta, da brukina mai sanyi. Har mun yi alkawarin gwada furar kowane gari mu ga wadda ta fi.

Yarinyar nan ta ji labarin shirin. Jiya ta kawo mini sabon littafin rubutu, ta ce in rubuta mata sunan duk zangon da muka sauka da sunan mai unguwarsa. Mma kuwa har yanzu ba ta ce ta yarda ba, amma ta sa an sayo mini goro ƙwarya guda, ta ce in an isa Yendi a gaishe da Ya-Na.