Intanet A Tsakiyar Teku: Yadda Starlink Ya Shiga Rayuwar Ma'aikatan Jiragen Shaƙatawa

Jirgin ruwan Icon of the Seas, wanda ya fara jigilar masu yawon shaƙatawa daga Miami a watan Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinjoji 7,600 da ma'aikata kusan 2,350. Gari ne guda a kan ruwa. Fasinja zai yi mako ɗaya ya sauka, amma mai girki da mai wanki da mai gyaran ɗaki suna nan wata shida zuwa tara. Da yawansu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, kuma galibi suna kwana bibbiyu a ƙananan ɗakuna marasa taga a can ƙasan jirgin. Wayar hannu ce kaɗai ke sada su da gida.

A da, intanet ɗin jirgi abin takaici ne. Jiragen sun dogara da taurarin ɗan'adam da ke nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, saƙo kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. A rubuce kamar ba komai ba ne, amma a kiran bidiyo shi ke sa murya ta riƙa yankewa, hoto ya daskare. Ga tsada. Shi ya sa da zarar jirgi ya tsaya a tasha, ma'aikatan da suka samu 'yan awoyin hutu kan bazama neman shagon da ke da Wi-Fi kyauta.

Taurarin Starlink kuwa suna kewayawa ne a nisan kilomita kusan 550 kacal, don haka jinkirin ya ragu sosai. Kamfanin Royal Caribbean ya sanar da ɗora shi a dukkan jiragensa a watan Agustan 2022, Carnival ya kammala nasa a 2024 a kan jirage sama da 90. Fasahar dai ita ce wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023.

Sai dai sauri daban, farashi daban. Wasu kamfanonin na bai wa ma'aikata damar tura saƙonni kyauta, amma kallon bidiyo ko doguwar hira sai an sayi data daga albashi. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda aka fi sani da MLC, an yi mata gyara a 2022, ya fara aiki ranar 23 ga Disambar 2024. Gyaran ya buƙaci masu jirage su samar wa ma'aikata hanyar sadarwa da iyalansu, har da intanet gwargwadon iko, idan kuma za a caji kuɗi to ya zama daidai misali. Ba a ce kyauta ba, kuma nan gizo ke saƙar.

Annobar korona ce ta nuna girman lamarin. A Fabrairun 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, sama da 700 suka kamu. An tsare fasinjoji a ɗakunansu, ma'aikata kuwa suka ci gaba da kai musu abinci. Daga baya dubban ma'aikatan jirage suka maƙale a teku na tsawon watanni, babu mai ɗebe musu kewa sai waya.

Ita wayar kuma ta nan 'yan damfara ke shigowa. Tallan "aikin jirgin ruwa, albashi da dala" na yawo a Facebook da WhatsApp, a nemi mutum ya tura kuɗin rajista. Ƙa'idar MLC ta hana dillalin aiki karɓar kuɗi daga mai nema don a sama masa gurbi. Abin da ke kansa shi ne kuɗin fasfo, littafin ma'aikacin jirgi da gwajin lafiya, biza ma mai jirgi ke biya. Kuma babu wanda ke fara aiki ba tare da horon tsaro na STCW ba, wanda ya ƙunshi kashe gobara, taimakon gaggawa da dabarun tsira a ruwa. A Najeriya hukumar NIMASA ce ke kula da takardun ma'aikatan jiragen ruwa.