Bulala ba ta buɗe kunnen kurma

An gama girbin gero. A ƙauyukan Ɗan Kassari da sauran ƙasar Arewa, daga Dogondutsi har Tsibiri, iyaye sun kai kara, an kafa rumfunan aji, yara sun koma lakwal. A cikinsu akwai masu naƙasa. Akwai mai nauyin ji, akwai wanda ba ya ganin allo daga nesa, akwai gurgu, akwai mai farfaɗiya, akwai kuma wanda fahimtarsa ke tafiya sannu-sannu. A kan tarbiyyar waɗannan yara za mu yi magana yau.

Da yawansu lafiya lau aka haife su, cuta ce ta bar musu tabo. Sanƙarau, mai zuwa da hunturu da bazara, yana iya kashe jin yaro. Ba mu manta da annobarsa ta 2015 a jihar Doso da Yamai ba. Kunne mai zubar da mugunya, in aka ƙyale shi, yana rage ji. Dusa, wato ƙyanda, tana iya ɓata idon yaron da bitamin A ya yi wa ƙaranci. Shan inna yana shanye ƙafa.

To, ga abin da ke faruwa a aji. Malam ya kira yaro daga baya, bai juyo ba, sai a ce taurin kai ne. Yarinya ba ta kwafe abin da ke allo ba, sai a ce lalaci ne. Wani ƴan'uwansa suka yi ta tsokanarsa har ya kai duka, sai a ce mugu ne. Daga nan sai bulala. Yaron da ake duka kan laifin da bai san ya yi ba, ba ya daɗewa a makaranta. Ƙarshensa gida, ko bara a tasha da kasuwa.

Hukuma ba ta yarda da haka ba. Tun 1981 ma'aikatar ilimi ta hana dukan ɗalibai. Dokar ilimi ta 1998 ta ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin karatu. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, a 2019 kuma aka yi dokar shigar da su cikin harkokin jama'a. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdurahaman da ta kurame ta Hasan Bana Ba. Amma daga Ɗan Kassari zuwa Yamai wajen kilomita 300 ne. Yawancin ƴaƴanmu makarantar ƙauye za su yi, ko su rasa karatu.

Idan an ajiye bulala, da me za a riƙe aji?

Akwai wata dabara da malaman jami'ar Oregon ta Amurka, irin su George Sugai da Robert Horner, suka tsara a shekarun 1990. A 1997 dokar ilimin naƙasassu ta ƙasar ta ambaci irin wannan tarbiyya. Tushenta shi ne: halin kirki abin koyarwa ne, kamar lissafi. Kuma makaranta duka ke yin aikin, ba malami ɗaya ba.

Da farko a zauna a zaɓi ƙa'idoji kaɗan, daga 3 zuwa 5. A faɗi abin da ake so a yi, maimakon jera hani. Misali: mu girmama juna, mu kula da kayanmu, mu kiyaye lafiyar kowa. Sai a bi da yara wuri-wuri, a nuna musu ma'anar kowace ƙa'ida a aji, da filin wasa, da bakin famfo, da makewayi. A bakin famfo, girmama juna shi ne bin layi, da barin mai sanda ya fara sha. Kurma a tsaya gabansa ya ga baki, a yi masa zane da alamar hannu. Makaho a kama hannunsa a zagaya da shi, a faɗa masa da baki. Ƙa'idar da yaro bai gane ba, ba a koya masa ita ba tukuna.

Sai yabo. Masu dabarar sun ce a yi yabo kamar sau 4 kafin gyara 1, kuma a ambaci abin da aka yaba. Faɗin "madalla" kawai bai isa ba. A ce: "Madalla, ka jira layinka." Darakta, da malamai, da mai gadi, har da matan da ke sayar da ƙosai a bakin makaranta, duk bakinsu ya zo ɗaya. Wasu za su ce wannan sangarta yara ne. Mu ba mu ga haka ba, domin horo yana nan: wanda ya zubar da ruwan wani, shi zai ɗebo masa. Duka da zagi ne aka fitar.

A lissafin masu dabarar, wannan mataki yana isar yara kusan 80 cikin 100. Kusan 15 suna bukatar ƙarin kula, kusan 5 kuma sai an bi su ɗaya-ɗaya. A aji mai yara 60, ke nan 48, da 9, da 3.

Su 9 ɗin, a ba kowannensu babba guda da zai gaishe shi da safe, ya tuna masa ƙa'ida, ya ba shi ƴar takarda. Malam zai riƙa sa alama a kanta, da yamma yaro ya kai gida. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga amfanin karatunku: ku karanta takardar, ku yabi yaron, ku sa hannu.

Su 3 ɗin kuwa, sai a buɗe littafi a riƙa rubuta amsar tambaya uku: me ya faru kafin rigimar? Me yaron ya yi? Me ya samu bayanta? A ce yaro yana ihu duk lokacin da aka fara karatun allo, a kore shi waje. Bayan mako biyu littafin zai nuna cewa ihun hanyar tsira ce daga allon. Wataƙila ba ya ganinsa. Sai a maido shi gaba, a yi masa manyan baƙaƙe, a koya masa alamar neman hutu, iyaye kuma su kai shi likita a duba idonsa.

Aikin ba sauƙi gare shi ba. Azuzuwanmu cike suke, malamai da yawa ba su sami horo kan naƙasa ba. Shi ya sa ake so aƙalla malamai 8 cikin 10 su yarda kafin a fara. Amma kayan aikin alli ne da takarda. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata suna iya kawo maganar a babban taron gari.

Darasi ɗaya muke roƙon a fara da shi, a ƙarƙashin kiyaye lafiyar kowa. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa, kuma akwai maganinta a likita. Idan ta tashi wa yaro, kada a gudu, kada a yi dariya. A janye dutse da wuta daga kusa da shi, a sa masa zane a ƙarƙashin kai. Kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki. Idan fizgar ta tsaya, a kwantar da shi a kan gefensa har ya farfaɗo. Idan ta wuce minti 5, a garzaya da shi likita.