"Ga Su Nan Tafe": Yadda Masu Mulki Ke Cin Ribar Tsoro

Ranar 1 ga Fabrairu, 1903, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta tsaya a bakin ganuwar Bebeji. Kwananta uku da barin Zariya, da sojoji baƙar fata fiye da 700, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. Mutanen gari suka ƙi buɗe ƙofa, igwa ta buɗe ta. Bayan kwana biyu aka ci Kano.

Mu 'yan wannan yanki, daga Yako da Kiru har Tudun Wada, labarin faɗan muka fi riƙewa. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne hujjar da aka kafa tun ba a ɗana kunama ba.

Gwamna Lugga ya shaida wa Landan cewa Sarkin Kano Alu na shirin auka wa sojojin Ingila da ke Zariya. Ba a rasa ƙanshin gaskiya a maganar ba. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Baturen Ingila Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Amma ga Lugga, mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Ya riga ya ƙudurta cin Kano da Sakkwato, har ma'aikatar kula da ƙasashen mulkin mallaka a Landan ta yi ƙorafin cewa a jarida ta fara jin shirin yaƙin. Da rundunar ta isa Kano, ina sarkin da aka ce zai kawo hari? Yana can ya tafi Sakkwato da manyan mahayansa, wajen sabon Sarkin Musulmi Attahiru.

Wannan dabara ta girmi Lugga nesa ba kusa ba. Bayan Romawa sun kori sarkinsu na ƙarshe, wajen shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mulki ya koma hannun 'yan manyan gidaje, talakawa kuma bashi ya yi musu katutu. Marubucin tarihinsu, Livy, ya ruwaito cewa a 462 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wani wakilin talakawa mai suna Terentilius ya nemi a rubuta doka da za ta taƙaita ikon shugabanni biyun da ake zaɓa duk shekara. Shekara na zagayowa, sai ga labari: ƙabilun Volsci da Aequi na tara mayaƙa. Majalisar dattawa ta ce a ɗebi soja. Wakilan talakawa suka miƙe a dandali suka ce shiri ne kawai, an ƙago yaƙin don a binne dokar.

Ga inda ribar take. Talakan Rum in yana cikin gari yana da bakin magana da ikon ɗaukaka ƙara. Da zarar ya yi rantsuwar soja an fitar da shi bayan gari, sai abin da kwamanda ya ce. Haka aka yi ta jan ƙafa, ba a samu rubutacciyar doka ba sai a 451. Kuma Volsci ɗin ba tatsuniya ba ne, sun sha kai hari. Shi ya sa dabarar ke ci: abokin gaba na gaske ake samu, a hura shi, a zaɓi ranar da za a yi shelarsa.

Yau ma ba mu rasa abin tsoro na gaske ba. Makiyayan Doguwa da Tudun Wada sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun ɓarayin shanun dajin Falgore, ba wanda zai ce musu ƙarya ne. Amma a ƙasar da gwamnoni ke karɓar kuɗin tsaro ba tare da bayyana wa jama'a yadda aka kashe su ba, kalmar "tsaro" kan rufe bakin mai tambaya. Don haka in na ji ɗan siyasa na cewa ga su nan tafe, ba na ƙaryata shi. Nakan dai bincika wace magana ce ake tsakiyar yi aka katse ta, wa zai riƙe kuɗin, kuma 'ya'yan wa za a tura gaba.