Faifan 1976 da ya sa na mayar wa ɗalibina gwangwaninsa

Wata ranar Talata, ana tsakiyar darasin lissafi, sai na ji wani ɗan sauti yana tashi daga bencin baya: dum, dum, dum. Ko ban waiwaya ba na san mai shi. Yaro ne ɗan shekara 12, ɗan unguwarmu ta Briqueterie a nan Yawunde, wanda ba ya buɗe baki a aji sai an matsa masa. Na je na ɗaga jakarsa, sai ga gwangwanin madara an soka masa sanda, an ɗaura wayoyin birkin keke guda biyu. Na ƙwace, na sa shi durƙuso a gaban allo har lokacin hutu.

A ɗakin malamai na ajiye abin a kan tebur ina mita. Wani abokin aikina, mutumin Duwala, Kirista ne da ke rera waƙa a cocinsu, ya ɗauka ya juya shi, ya ja wayar da yatsa, ya yi shiru. Can ya ce, "Malam, ka san da irin wannan wayar Richard Bona ya fara?"

Sunan Bona dai ba baƙo ba ne ga ɗan Kamaru. An haife shi a 1967 a Minta, yana yaro ya haɗa wa kansa jita da wayar birkin keke, yau kuma yana cikin manyan makaɗan jita bas na duniya. Abin da ban sani ba shi ne yadda aka yi ya koma kan bas ɗin. Wajen 1980, yana ɗan shekara 13, wani Bafaranshe mai gidan kiɗan jaz a Duwala ya ɗauke shi aiki, ya kuma bar shi yana sauraron tarin faya-fayansa. A ciki ya ci karo da faifan wani Ba'amurke, Jaco Pastorius. Bona ya sha ba da labarin cewa da ya fara ji, ya ɗauka injin ne yake juya faifan da sauri fiye da ƙima.

Abokin nawa ya tura mini faifan a waya. Daren nan bayan Isha'i na sa abin sauraro a kunne, niyyata in ji na minti biyar in kwanta. Ban tashi ba sai da ya ƙare.

Ga wanda bai san jita bas ba, ita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, mai murya ƙasa-ƙasa. A makosa da bikutsi ita ce kake ji tana dukan ƙirjinka tun kafin motar haya ta iso. Aikinta shi ne ta tsaya a baya ta riƙe wa sauran kayan kiɗa ƙasa, kamar yadda 'yan amshi suke riƙe wa mawaƙi. Kowa ya dogara da ita, amma ba kasafai ake tambayar sunan mai kaɗa ta ba.

Faifan da kamfanin Epic ya fitar a 1976 kuwa sunan mai bas ɗin ne kaɗai a jikinsa: Jaco Pastorius. Shekarunsa 24 a lokacin. An haife shi ranar 1 ga Disamba 1951 a jihar Pennsylvania, ya tashi a Florida. Da ganga ya fara kamar mahaifinsa, sai ya ji rauni a wuyan hannu wajen ƙwallo yana ɗan shekara 13, dalilin da ya kai shi ga bas ke nan. Bobby Colomby, mai gangar ƙungiyar Blood, Sweat & Tears, shi ya jagoranci aikin naɗar faifan. Kiɗa tara ne a ciki.

Na farko, "Donna Lee", tsohon kiɗan jaz ne da Charlie Parker ya naɗa a 1947, mai gudu ne ƙwarai, kuma da kayan busa aka saba yin sa. Jaco ya yi shi da bas, ba kowa tare da shi sai Don Alias a kan gangunan konga. Wato abin da ake ganin bai iya komai ba sai rakiya, shi ne ya fito gaba ya ɗauki waƙar tun daga kai har gindi. Yana ƙarewa sai "Come On, Come Over" ya faɗo da ƙahoni da muryoyin Sam & Dave. Wannan shi ne fank tsantsa, bas ɗin yana tafe da gajerun bugu kamar mai sassarfa. Herbie Hancock ya kaɗa fiyano a "Kuru/Speak Like a Child", Wayne Shorter ya yi busa a "Opus Pocus". Akwai kuma "Okonkolé y Trompa", wanda sunansa ya fito daga ƙaramar gangar bata ta Yarabawa da ta ƙetara teku zuwa Kyuba.

Abu biyu suka kama ni. Na ɗaya, muryar jitar. A wuyan jita akwai 'yan ƙarafuna a gicciye waɗanda suke yanka sauti daki-daki. Jaco ya cire na Fender ɗinsa ƙirar 1962, ya cike gurabensu, ya shafe katakon da irin ƙaron da ake shafa wa jirgin ruwa. Da babu ƙarfen, yatsa yana iya zamewa daga wannan sauti zuwa wancan ba tare da tsalle ba. Bature na iya jin wannan a matsayin sabon abu, amma kunnen Bahaushe ya san shi. Goge da kukuma ba su da ƙarfe a wuya, kalangu ma da matsa tsirkiya yake lanƙwasa murya har ya yi magana. Ku saurari "Continuum", za ku ji bas yana jan sauti kamar mutum yana ba da labari a hankali.

Na biyu shi ne "Portrait of Tracy", wanda ya sa wa sunan matarsa. Minti biyu ne da 'yan kai, bas kaɗai, amma sai ka rantse ƙararrawa ake kaɗawa. Sirrin kuwa lissafi ne, irin wanda nake koyarwa. Tsirkiya mafi kauri tana kaɗuwa kusan sau 41 a daƙiƙa guda. In ka ɗora yatsa a daidai tsakiyarta ba tare da ka danne ba, sai ta rabu gida biyu, kaɗuwar ta ninka zuwa 82. In ka taɓa a kashi ɗaya cikin uku, ta ninka sau uku. Rabi, sulusi, rubu'i. Darasin da nake fama da yara a kansa ranar da na ƙwace gwangwanin ke nan, wallahi.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin daɗi ne zalla. A shekarar da faifan ya fito Jaco ya shiga ƙungiyar Weather Report, duniya ta san shi. Daga baya giya da ƙwaya suka shigo, a 1982 likitoci suka gano yana da lalurar ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya yi sama ya yi ƙasa. Har kwana a titi ya yi. A watan Satumba 1987 aka yi masa duka a ƙofar wani gidan rawa a Florida, ya rasu ranar 21 ga watan yana da shekara 35.

Shi kuwa yaron Duwala da ya ji faifan, ya tafi Turai yana ɗan shekara 22, ya koma New York a 1995, ya yi aiki da Joe Zawinul, mutumin da Jaco ya yi wa kiɗa a Weather Report. A 1999 ya fitar da nasa faifan na farko, "Scenes from My Life", yana rera waƙa da yaren Duwala. Ya ari hannun Jaco, bai ari harshensa ba. Mu da 'ya'yanmu suke amsa mana da Faransanci in mun yi musu Hausa, wannan ya isa abin tunani.

Na san abin da wasu za su ce. Malamanmu sun yi saɓani a kan kiɗa, wasu sun haramta, wasu sun sassauta da sharuɗɗa, ni kuma malamin boko ne, ba mai ba da fatawa ba. A al'adarmu ma ba kowane uba ne zai so a ce ɗansa makaɗi ne ba. Ƙarshen Jaco kuma yana ƙara wa mai tsoro hujja. Abin da ya dame ni daban ne. Yaro ya zauna shi kaɗai ya gano cewa in ka ƙara ɗaure waya sauti yana hawa, in ka rage tsawonta yana ƙara hawa, ya ƙera abin da hannunsa, ni kuma da na yi shekaru a makarantar horon malamai ban ga komai a ciki ba sai laifi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je wurin mahaifinsa a shagonsa na ɗinki, gwangwanin yana cikin jakata. Na gaishe shi, na ba shi labari.

Ya ce, "Malam, kana so ɗana ya zama maroƙi ke nan?"

Na ce, "A'a Alhaji, Allah ya kiyaye in zaɓa maka abin da ba ka so. Cewa na yi yaron nan yana da kunne, yana da hannu. In ba mu nema masa inda zai kai su ba, wani zai nema masa a bayan idonmu."

Ya daɗe yana kallon abin. A ƙarshe ya ce kiɗa dai ba a gidansa ba, amma yana da amini mai gyaran rediyo da lasifika, yaron zai iya zuwa can ranar Asabar bayan Islamiyya. Ban samu duk abin da na je nema ba, shi ma bai rufe ƙofa duka ba.

Ranar Litinin na shiga aji da gwangwanin da abin awo. Na kira mai shi gaban allo, inda ya yi durƙuso makon jiya. Ya taso a tsorace. Na ce ya auna wayar, ya nemo mana rabinta, ya taɓa a hankali ya ja. Sau uku yana gwadawa ba ta yi ba, a na huɗu wani siririn sauti ya fito, ajin ya yi tsit. Wata yarinya ta ce, "Malam, a sake!" Sai yaron ya juya gare su, ba wanda ya matsa masa, ya fara yi musu bayanin inda sulusi yake.